Fayil ɗin da Ke Ƙarƙashin Ƙunshin Ginka

Surukata Nevena, matar ɗana, ita ce ta buɗe akwatin matata Ginka ta ɗauki fayil ɗin. Jikata Ralitsa ta kai hotonsa makarantarsu a birnin Plovdiv. Ɗana Plamen yana sane, bai ce uffan ba. Su ukun suna zaune a saman benen da na gina da hannuna, ni da Ginka muna ƙasa.

Aji huɗu na yi a makaranta, daga nan na hau tarakta. Ban iya dogon zance ba. Abin da na gani zan faɗa.

Ginka tana da ƙunshi a ƙasan akwatinta, kamar kowace tsohuwa a ƙauyenmu: baƙar riga, ɗankwali, safa, da takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba. Kayan da za a sa mata ranar binnewa ke nan. Ba a taɓa ƙunshin mace tana da rai. A ƙarƙashinsa ta ajiye fayil ɗin, shafi arba'in da ɗaya, ta ce in sa mata shi a akwatin gawa su tafi tare.

Abin da ke cikinsa gajere ne. Tana da shekara goma sha tara tana aiki a gidan waya, ita kaɗai ke haɗa layin duk wanda zai yi kira a ƙauyen. 'Yan sandan ciki na wancan zamanin suka kama ƙanenta a bakin iyaka. Suka ajiye mata takarda da alƙalami, suka ce ta zaɓa: ko ta riƙa kai musu rahoton abin da take ji a layi, ko ƙanenta ya ruɓe a kurkuku. Ta sa hannu. Suka laƙaba mata suna Tsattsewa. Shekara biyu tana rubuta musu shirme, wane ya kira likitan dabbobi, wance ta yi faɗa da 'yarta. Sau ɗaya ta rubuta cewa Yanaki mai injin niƙa yana magana da wansa da ya gudu ƙasar waje. Yanaki ya yi shekara uku a kurkuku, ya dawo ba haƙori ko ɗaya, bai daɗe ba ya rasu. 'Yarsa Stanka ce maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara hamsin ita da Ginka ba su taɓa wuni ba su gaisa ba.

Ginka ta faɗa mini tun kafin aurenmu. Na ce na ji, na aure ta.

A watan Maris Ralitsa ta zo gida, muna cin abinci ta fara ba mu labarin sabon kwas ɗinta.

"Kaka, ana koya mana yadda za a riƙe bayanan mutane da amana. Kowane mako malama takan kawo mana abin da ya faru da gaske. Asibitin da ya sayar da sunayen marasa lafiya, kamfanin da ke leƙen wayoyin ma'aikatansa. Mu kuma sai mu nuna inda aka ci amana."

Na ce, "Wato sai an kai ku birni kafin ku san gulma ba kyau."

"Tsoho, kai dai ka tsaya a kan tarakta," in ji ta, tana dariya. "A ƙarshe kowa zai kawo nasa labarin. Nawa sai ya fi na kowa."

Ginka ta ƙara mata miya a kwano. Ba mu tambayi wane labari ba.

Asiri ya tonu a watan Satumba, lokacin gasa tattasai. Kowace shekara a tsakar gidanmu ake yi. Stanka takan zo da buhunta, su gasa, su ɓare, su niƙa, su cika kwalabe na hunturu, suna zagin mazansu. Ran nan Ginka ta hura wuta, rana ta ɗaga, Stanka shiru. Ginka ta leƙa katanga.

"Ke Stanka, tattasai zai ruɓe kina can kina kwalliya. Wa zai kalle ki?"

Stanka ta fito da waya a hannu, ba buhu.

"Ina kwana, Tsattsewa."

Kwanon da ke hannun Ginka ya faɗi.

"Todor ɗana ya turo mini daga ƙasar Sifen," in ji Stanka. "Ya rubuta sunan kakansa a intanet yana neman tsohon hoto, sai ga wannan a shafin makarantar jikarki. Rubutunki ne, na san yadda kike naɗe wutsiyar haruffa. Ke kika riƙe mini kyandir ranar da aka binne shi, Ginka. Shekara hamsin ina ci a kwanonki."

"Stanka, bari in faɗa miki yadda aka yi."

"Kin sami shekara hamsin ki faɗa."

Ta shiga gida ta ja ƙofa. Tattasan ya ƙone a kan wuta, ba wanda ya juya shi.

Na hau sama. Rabona da hawa benen nan shekara biyu saboda gwiwa. Ranar Asabar ce, su ukun suna shan kofi.

"Wa ya taɓa ƙunshin uwarku?"

Nevena ta ajiye kofinta a hankali. "Baba, zauna mana. Kafur na je sawa a akwatin, sai na ga takardu. Ai ba sata na yi ba. Hoto kawai aka ɗauka, na mayar da su yadda suke."

"Ƙunshin mutuwarta kika kwance."

"Na sake ɗaurewa."

Ralitsa ta buɗe kwamfuta ta juyo mini da ita, kamar zan karanta. "Kaka, duba. Na goge sunanta a ko'ina. Na sa mata 'Ma'aikaciya A'. Haka aka koya mana. Ko sunan ƙauyen ban sa ba."

"Karanta mini abin da kika sa."

Ta karanta. Mace, shekara goma sha tara, mai haɗa layin waya a wani ƙaramin ƙauye, ƙanenta yana tsare.

"Sunan Yanaki fa?"

Ta gangara da yatsa a kan kwamfutar. "A shafi ɗaya ne ya rage. Ban lura ba. Hankalina yana kan sunan Kaka Ginka."

"Masu injin niƙa nawa ne masu suna Yanaki da aka ɗaure? Mata nawa ke haɗa layi a ƙauyensa?"

"Kuskure ne, Kaka. Kowa na yi."

"Aikinta aka zaɓa a cikin mutum talatin," in ji Nevena. "Shi ya sa aka ɗora a shafin makaranta. Wani kakan da alfahari zai yi. Kuma ƙarya aka yi wa Mama? Abin da ke cikin takardar nan ba ita ta rubuta ba?"

Na dubi Plamen. Yana juya cokali a kofin da ba komai.

"Kai fa?"

"Baba, tarihi ne. Mutane za su yi surutu kwana biyu su manta. Kada hawan jininka ya tashi."

"Ka sani?"

"An faɗa mini bayan an gama."

"Me ka ce?"

"Me zan ce? Yarinya tana neman makomarta."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu bangon daga sama ya tsage.

Mutane ba su manta ba. Ranar Litinin Ginka ta je kanti sayen burodi. Matan da ke ciki suka yi tsit. Mai kantin ya ajiye canjinta a kan teburi maimakon ya sa mata a hannu, ya ce wa sauran, "Ku rage murya, layi a buɗe yake." Aka yi dariya. Ta dawo ba ta faɗa mini ba, a bakin mutane na ji.

Akwai benci a ƙofar gidanmu inda tsofaffin unguwa ke zama da yamma tun ina da ƙarfi. Ya koma ƙofar gidan Stanka. Ba bencin ba, mutanen. Ginka takan zauna a namu ita kaɗai da saƙarta, taku goma tsakaninsu. Kwana huɗu ta yi haka, ta daina fita.

Sai aka zana tsuntsu da alli a ƙofarmu, da wutsiya mai reshe biyu. Na wanke. Aka sake da fenti. Na kankare. Nevena ta tsaya a barandar sama tana kallona.

"Jahilci ne kawai, Baba. Mutanen ƙauye. A birni ba wanda zai damu."

"A birni take zaune?"

Ginka ta fara tsoron waya. Matar da ta yi shekara talatin da waya a kunne. In ta yi ƙara sai ta dafe teburi har ta katse. Wani lokaci in na ɗauka ba a magana, numfashi kawai, ko a yi kukan tsuntsu a ajiye. Na cire wayar daga bango na sa a ɗakin ajiya.

Abinci ya fara dawowa a kwanonta. Rigarta ta yi mata yawa. Da safe takan buɗe akwatin ta taɓa ƙunshin, ta rufe. Ta ce mini ɗaurin ba nata ba ne.

"To ki sake ɗaurewa."

"An riga an gani, Kolyo."

Ralitsa ta daina zuwa ƙarshen mako, wai karatu ya yi yawa. Ta aiko wa kakarta da akwatin cakulan. Nevena ta sauko da shi ta ajiye a teburi, ta ce, "Kin gani, Mama? Tana tunaninki." Yana nan har yau ba a buɗe ba. Na ce wa Plamen ya sa a sauke abin daga shafin makarantar. Ya ce zai yi magana. Bayan mako biyu na sake tambaya, ya ce in aka sauke yanzu za a tambayi dalili, kuma yarinya tana gab da samun aiki a wani kamfani a Sofiya, babban birninmu, a bari ta karɓi takardar shaidarta tukuna.

Ni ma da nawa laifin, zan faɗa. A watan Nuwamba aka zo Asabar ta matattu, ranar da kowane gida ke dafa alkama da sukari da gyaɗar bishiya a kai maƙabarta. Kana miƙa wa mutum ƙaramin kofi saboda mamacinka, ya karɓa ya ce Allah ya gafarta masa. Ko maƙiyinka ne ba ya ƙi, domin ba kai yake karɓa wa ba. Ginka ta ce bana ba za ta je ba.

Na ce, "Za ki je. Matata ba ta ɓuya. Ki dafa, ki ɗaga kanki."

Ta dafa. Na riƙe mata kwandon har kabarin iyayenta da na ƙanenta. Ta kunna kyandir, ta zuba ruwan inabi, ta tsaya da tire. Mutane suna wucewa ta bayan kabarin don kada su bi ta gabanta. Limamin coci ya karɓa, ya yi addu'a da sauri ya wuce. Wata tsohuwa kurma da ba ta san me ake ciki ba ta karɓa. Shi ke nan, mutum biyu.

Ginka ta ɗauki kofi ɗaya ta nufi kabarin Yanaki, inda Stanka ke tsaye da danginta. Na kira ta, ba ta juyo ba. Ta miƙa wa Stanka kofin.

"Saboda ƙanena, Stanka. Shi bai yi miki komai ba."

Stanka ta dubi kofin. Hannunta ya ɗan motsa, na gani. Sai ta mayar da hannun cikin aljihun kwat.

"Naki ya mutu da haƙoransa," ta ce.

Muka dawo da alkamar gida. Ginka ta zuba wa kaji, ta wanke tiren, ta kwanta. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙofar gida ba. Ni na sa ta ta je. Girman kai ne, kuma ba ni na biya ba.

Da na faɗa wa na sama abin da ya faru, Nevena ta ce, "Ai da ta faɗa wa Stanka tun tuni da ba a kai ga haka ba. Gaskiya ba ta ɓuya har abada."

Na ce, "Gaskiyarta ce. Ita ke da ikon ranar faɗa."

A watan Disamba abin ya juyo kansu. Todor ya rubuta wa makarantar ƙorafi, cewa an baza sunan kakansa ba a tambayi kowa ba. Malamar ta sauke aikin daga shafin ran nan. Ta kira Ralitsa ta yi mata tambaya ɗaya: ina takardar izinin mai fayil ɗin? Ashe darasin farko na kwas ɗin ke nan, kuma Ralitsa ta rubuta a gaban aikinta cewa an ba ta izini. Aka ba ta mako ɗaya ta kawo. In babu, an soke sakamakonta, za ta gurfana gaban kwamiti, aikin Sofiya kuma ya tafi.

Ranar Lahadi da hantsi su ukun suka sauko. Wata uku rabon da su shigo ɗakinmu tare. Nevena ta zo da banitsa mai zafi, gasasshen fulawar nan mai cuku a ciki, ta yanka, ta sa wa Ginka a faranti. Plamen ya ƙara itace a murhu ba wanda ya sa shi. Ralitsa ta durƙusa gefen kujerar kakarta, idonta ya kumbura.

"Kaka, kin rame."

"Tsufa ne," in ji Ginka.

Ralitsa ta fito da takarda ɗaya da biro. "Ba wani abu ba ne. Layi uku ne. Kawai cewa kin yarda na yi amfani da takardun. Ki sa hannu a nan ƙasa."

Na karɓi takardar. Baƙaƙe suna ba ni wuya, amma lamba na iya. A sama an rubuta goma sha biyu ga watan uku.

"Wane wata muke ciki?"

"Baba, tsari ne kawai na ofis," in ji Plamen. "Dole kwanan ya zo kafin aikin."

"Wato ta ce ta yarda tun Maris."

"Ai da ta yarda in an yi mata bayani," in ji Nevena. "Wace kaka ce za ta hana jikarta?"

"To me ya hana ku yi mata bayanin?"

Ralitsa ta share hanci. "Da na tambaya da ta ce a'a."

Ita kanta ta ji abin da ta faɗa.

Na ce, "Ashe kin san amsar. Ba ki buƙaci malama ba."

"Na yi kuskure, Kaka, na sani. Amma shekara huɗu nake karatun nan. Abin da ya faru ya riga ya faru. Ko an kore ni, Stanka ba za ta dawo ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji Plamen. "Mama, ki duba. Mutum ɗaya ya riga ya sha wuya, me zai sa a ƙara na biyu? Kin kai saba'in. Ita ashirin da biyu."

"Wato nata ya ƙare," na ce.

"Ba haka na ce ba, Baba."

Nevena ta matso da kujerarta. Muryarta ta sauka, ta yi laushi, irin laushin da ban so. "Mama, ke kin fi kowa sanin wannan. Kin taɓa sa hannu don ki ceci ɗan gidanku. Wancan ma ya fi wannan muni. Yanzu jininki ne kuma. Biro ne kawai, minti ɗaya."

Na miƙe zan nuna mata ƙofa. Ginka ta ɗaga hannu.

"Zauna, Kolyo. Ba ni takardar."

Na ba ta. Ta sa tabarau, ta karanta layi ukun a hankali, bakinta yana motsi. Ta sake karantawa. Ralitsa ta cire murfin biron ta sa mata tsakanin yatsu.

"Mutumin da ya kawo mini waccan ma ya zo da abinci," in ji Ginka. "Alewa ya kawo. Ya ce layi uku ne kawai. Ya ce ƙanena yaro ne, kada in ɓata masa rayuwa. Shi ma ya cire mini murfin alƙalami." Ta dubi Nevena. "Amma shi bai kira ni Mama ba."

"Mama, haba," in ji Plamen.

"Ralitsa, a makarantar taku, in an kawo labarin da aka ci amanar mutum, me kuke yi?"

"Mukan nuna inda aka yi kuskure," ta ce, da ƙyar ake jin ta.

"To ki je ki nuna musu. Ki faɗi wa ya kwance ƙunshin, wa ya ɗauki hoto, wa ya sani ya yi shiru. Kada ki goge sunan kowa a wannan karon. Ni na ba ki izinin wannan, da bakina, yau, a watan da muke ciki."

"Za su kore ni, Kaka."

"Wataƙila."

"Ke nan kin zaɓi takarda a kan jikarki," in ji Nevena. Laushin ya tafi. "Ki tuna wa zai kula da ke in kin kwanta."

"Na riga na kwanta. Ban ga kowa ba."

Ginka ta mayar wa biron murfinsa. Ta ɗora shi a kan takardar, ta tura su duka gefen farantin banitsar da ba ta taɓa ba.

"Sau ɗaya na sa hannu a kan abin da ban yarda da shi ba, mutum ya mutu. Ba zan sa ba."